Mudu a Hannun Mai Sayarwa: Rigimar Ƙarin Kuɗi a Takardar Waya

Na san akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa garinmu Kasuwan Garba da wayar tarho ta girke, wadda ko a zamanin da take tashe sai mutum ya shiga Kontagora ko Minna yake ganinta a ofis ko a falon wani attajiri? Tambayar tana kan hanya. Yaran da ke zaune a baya can, da wuya a sami wanda ya taɓa juya lamba da yatsa, balle ya san cewa 067 ita ce lambar shiga Kontagora, 066 kuma ta Minna. Amma rigimar da aka yi a kan takardar kuɗin waccan waya ba ta mutu tare da wayar ba. Riga kawai ta sake, ta shigo aljihun kowannenmu. A kan tsohuwar wayar kuwa an fi ganin ƙashin bayan rigimar, domin a lokacin akwai takarda da mutum zai riƙe a hannu ya ce, wannan kuɗin daga ina ya fito?

A 1985 gwamnati ta haɗa sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, aka sami NITEL. Shi kaɗai ke da layi a ƙasar nan, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 100. Samun layi kansa sai da jira da kamun ƙafa. A wannan zamanin ne aka jingina wa ministan sadarwa David Mark, wanda ya yi gwamnan soja a jihar nan daga 1984 zuwa 1986, maganar nan cewa waya ba ta talaka ba ce. Ko ya faɗe ta haka ko an juya masa ita, abin da ya sa ta zauna a bakin mutane shi ne ta dace da abin da ido ke gani. To wanda ya yi sa'ar samun layin, a ƙarshen wata sai takarda ta zo. Akwai kuɗin haya, wanda ake biya ko da layin ya kwana ya wuni a mace. Akwai kuɗin kira, yawanci a dunƙule, ba a jera maka wa ka kira da yaushe ba. Akwai kuma bashin baya, wanda kan sake fitowa ko da an biya shi, idan rasit bai isa inda ya kamata ba. Wani watan sai jimlar ta ninka sau biyar ko goma, a gidan da ba a yi biki ba, ba a yi rasuwa ba.

Magidanta sun yi iya dabararsu. Ana sayar da wani ɗan ƙaramin kwaɗo da ake maƙala wa ramin lamba a faifan wayar, don kada yara ko baƙi su juya; maigida ya sa makullin a aljihu ya tafi aiki. Wata ya ƙare, takarda ta zo da kiran Landan ko Jidda. Dalilin sananne ne: layin waya ce ta tagulla da ta bi ta kan turaku da akwatunan gefen titi, kuma duk wanda ya iya buɗe akwatin yana iya ɗaura tasa wayar a kan layinka, ya sayar wa mutane kira, kai kuma a rubuta maka. Kwaɗon yana tsare ƙofar gida, ɓarawon kuwa yana bakin titi. Idan ka je ofis da ƙorafi, amsar da aka saba ji ita ce ka fara biya, a bincika daga baya. Idan ka ƙi, a yi wa layin abin da ma'aikata ke kira tos, wato a katse shi na wucin gadi, kuma maido shi ma da kuɗinsa. Ku dubi wannan tsari da kyau, domin shi ne jigon maganata. Hannu ɗaya ne ke sayarwa, shi ke awo, shi ke ajiye littafin awon, shi ke sauraron ƙara, shi ke zartar da hukunci. Mai saye kuma an ɗora masa nauyin tabbatar da abin da ba ya tabbatuwa, wato cewa bai yi kira ba. Ta yaya mutum zai kawo shaidar abin da bai faru ba?

Ku da kuke cin kasuwa kun fi ni sanin cewa ba haka ake ciniki ba. Mai hatsi yana awo ne a gaban mai saye, ana ƙirga tiya da baki, kuma idan an yi shakkar mudun akwai sarkin kasuwa. Dillali yana da la'adarsa, kowa ya san ta tun kafin a sallama, ba ya zuwa bayan sati ya ce akwai wata la'adar da ya manta. Addini ya ware sura guda da sunan masu tauye awo, Daular Usmaniyya ta naɗa muhtasibi mai duba ma'auni a kasuwa, kuma a gaban alƙali wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Kamfanin da ya ce yana binka naira ɗari shi ne mai da'awa. Abin da nake so in tsaya a kai ke nan: rigimar ƙarin kuɗi a takardar waya rigima ce a kan wanda ke riƙe da mudu da wanda aka ɗora wa kawo hujja, kuma ba za ta ƙare ba sai an mayar da nauyin hujjar kan mai karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai wannan ciwon NITEL ne, kamfanin gwamnati da ya ruɓe, wanda aka yi ta faman sayarwa tun 2001, kamfanin Transcorp ya karɓa a 2006 aka ƙwace a 2009, har dai aka sayar da kadarorinsa a 2014 a kan dala miliyan 252. Ruɓewar gaskiya ce, amma ba ita ce tushen ba, kuma shaidata tana Amurka, inda kamfanonin waya na 'yan kasuwa ne, layi kuma ba ya mutuwa. Bayan an wargaza babban kamfanin AT&T a 1984, sai kamfanonin waya suka buɗe takardar kuɗinsu ga wasu 'yan kasuwa, waɗanda za su turo caji a kan lambar mutum, kamfanin waya ya karɓar musu ya ɗebi kasonsa. Nan da nan takardun magidanta suka cika da 'yan ƙananan kuɗaɗe masu sunaye marasa kai, na ajiyar saƙon murya da makamantansu, har suka sa wa ɗabi'ar suna mai ma'anar cusawa. A 2011 kwamitin kasuwanci na majalisar dattawan ƙasar, ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller, ya gano cewa irin wannan caji a wayoyin girke yana haura dala biliyan 2 a shekara, kuma kaso mai yawa ba da izinin masu layi ba ne. Har a kan layukan na'urar gargaɗin gobara da na lif aka sami cajin, layukan da babu ɗan Adam a bayansu balle ya ce na yarda. Da aka toshe ƙofar a wayar girke, sai sana'ar ta koma salula, inda a 2014 AT&T ya amince ya biya dala miliyan 105, T-Mobile kuma miliyan 90. Ashe ba sai kamfani ya lalace ba. Muddin mai riƙe da littafi yana da kaso a duk abin da aka rubuta a ciki, to idonsa zai yi nauyin gani.

A nan gida, salular GSM ta zo a watan Agustan 2001, bayan an yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne. Ta kawo alheri wanda ba mai musunsa. Mai shanu a nan yana jin farashin Legas kafin ya yi lodi. Amma a farko ana cajin minti ne cur, naira 50, ko da daƙiƙa biyar ka yi layi ya yanke. An ce lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna, sai kamfanin Glo ya shigo a 2003 da shi, sauran suka bi cikin 'yan watanni. A ranar 19 ga Satumba na shekarar masu waya da dama suka kashe wayoyinsu don nuna fushi. Wannan ya nuna gasa tana da amfani, kuma na yarda da masu faɗin haka, sai dai amfaninta yana tsayawa ne a kan farashin da ake gani. Mutum yana iya barin layi mai tsada ya koma mai araha. Ba ya iya gudun cajin da bai san ana yi masa ba.

Ga kuma abin da katin waya ya sauya, wanda ba a cika lura da shi ba. Mai wayar girke ana binsa bashi ne, kuɗin yana aljihunsa, yana iya cijewa ya yi gardama. Mai kati ya riga ya biya. Ku ɗauki mace mai sayar da ƙosai ta sa katin ɗari biyu don ta kira ɗanta. Wani rubutu ya faɗo a fuskar wayar da Turanci, ta danna maɓallin tsakiya don ya gushe, ashe dannawar ita ce amincewa da waƙar kira ko labarin ƙwallo. Daga nan duk sati ana zare hamsin, kuma abin yana sabunta kansa. Ita dai abin da za ta ce shi ne layin nan yana cin kati. Ba ta da takarda, ba ta da jimla, ba ta ma san sunan abin da ta saya ba. Kamfani zai ce ta amince, ga shaidar dannawa a kwamfuta. To ina tambayar malamai da ke wurin nan: cinikin da mai saye bai san kayan ba, bai san farashin ba, da harshen da ba ya ji, shi ma ciniki ne? Dannawa shaida ce cewa yatsa ya taɓa maɓalli, ba ta wuce nan ba.

Akwai masu cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba, naira hamsin me za ta yi? Ƙanƙantar ita ce dabarar. Hamsin a kan layi miliyan ɗaya naira miliyan 50 ce a sati guda, kuma ba wanda zai biya kuɗin mota zuwa Kontagora ko Minna don neman hamsin. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta san da wannan. Ta fitar da ƙa'idojin kare masu amfani da waya a 2007, ta buɗe lambar 622 ta kai ƙara kyauta, a 2016 ta kawo 2442 don toshe saƙonnin talla, a 2018 kuma, zamanin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta haramta sa mutum cikin wani tsari ba da yardarsa ba, da tarar naira miliyan 5. Matakai ne masu kyau. Sai dai kusan dukkansu suna jiran wanda aka cuta ne ya gane, ya iya karatu, ya kira kamfaninsa tukuna, ya karɓi lambar ƙorafi, sannan ya wuce gaba. Wato tsohon zancen ofishin NITEL ne aka yi wa kwaskwarima: an riga an karɓa, kai ka zo ka tabbatar.

Dole kuma a yi wa kamfanonin adalci. Suna ƙona dizal a dubban turakun sabis saboda wuta ba ta tsayawa, abin kunya ma a faɗe shi a jihar da ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro. Ana yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya, haraji yana zuwa musu daga tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, darajar naira ta faɗi alhali kayan aikinsu da dala ake saye. Shi ya sa a watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan an daɗe farashi bai motsa ba. Ƙarin ya yi zafi, ƙungiyar ƙwadago ta tayar da jijiyar wuya, amma ni ban sa shi cikin abin da nake suka ba, domin an yi shi a bainar jama'a, an faɗi adadi, an yi gardama. Mai hatsi yana da ikon cewa tiya ta tashi. Ba shi da ikon dukan gindin mudu. Haka nan naira 6.98 da ake cira idan an tura kuɗi ta lambobin banki, wadda aka ƙayyade a 2021 bayan doguwar taƙaddama tsakanin bankuna da kamfanonin waya a kan wa zai biya: an san adadinta, saura a tabbatar ba a cire ta a kan aikin da bai kammala ba, abin da ke yawan faruwa a inda sabis ke rawa kamar karkararmu.

Abin da ya biyo bayan wannan hujja ba shi da wuyar faɗi. Duk cajin da ba na kira ko data ba, kada a cire shi sai an tambayi mai layi sau biyu, da harshen da ya zaɓa, da murya ga wanda ba ya karatu. Kamfanonin da ke iya tallata garaɓasa da Hausa a rediyo suna iya neman izini da Hausa. Idan mai layi ya musa, a mayar masa da kuɗinsa nan take, kamfani ya je ya nemo shaida, kuma idan aka kama wani tsari yana cusa kansa, a mayar wa duk wanda abin ya shafa ba tare da jiran kowa ya kai ƙara ba. Ba baƙon abu ba ne a dokokinmu: a 2020 hukumar kula da lantarki ta ƙayyade abin da za a iya rubuta wa gidan da ba shi da mita, don ta matsa wa kamfani ya kawo mitar. Kafin a kai can, ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya ajiye littafi guda a ofishinta, duk wanda aka zare wa kuɗi a rubuta ranar da adadin da sunan abin da aka ce ya saya, a sa matashi mai karatu ya tura wa mutane kalmar tsayarwa zuwa 2442. Ƙorafin mutum ɗaya na naira hamsin ba ya isa Abuja, amma shafi talatin masu kwanan wata, da hatimin ƙungiya a kai, takarda ce da hukuma za ta buɗe wa fayil.