Haƙƙin Ma'aikaci da Haƙƙin Gida a Wuyan Shugaba

 

Ya ku 'yan'uwa masu saurare, daga Magarya da Bande da Wacha da Sassumburum har zuwa Dungas da Malawa da Dogo-Dogo, Allah Ya karɓi azuminmu. Wa'azinmu na yau ya shafi wanda aka ɗora wa jagorancin mutane a wurin aiki: shugaban ma'aikata, da babban malamin makaranta, da mai tsara wa ma'aikatan asibiti kwanan aiki, da uban gida a shago. Amanar da ke wuyansu ta rayuka ce, kuma an san cewa kowane makiyayi abin tambaya ne game da abin da aka ba shi kiwo.

Imamul Buhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan cikin tufafi marasa kyau, domin mijinta ya ba duniya baya, rana azumi, dare sallah. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da mai gida ya karya azuminsa na nafila, ya kuma hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, ya tunatar da shi cewa Ubangiji da jiki da iyali kowanne yana da rabonsa. Da labari ya isa ga Manzon Allah, sai ya gaskata Salmanu. To, mu lura: abin da ya shagaltar da Abud Darda'i ibada ce tsantsa, amma ba a bar shi ba. Ina ga wanda taro da takardu da waya suka raba shi da iyalinsa?

Ba mu jahilci nauyin aiki a wannan yanki ba. Kowa ya san yadda zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara idan damina ta yi nisa. A shekarar 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a tsakiyar wannan lokaci yara kimanin 10 suna rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magarya. Waɗanda suka tsaya a kan gadajen nan dare da rana, Allah Ya saka musu da alheri. Amma daga nan ne hukuncin yake ƙara fitowa fili. Ma'aikacin jinya da ya kwana biyu bai runtsa ba, idonsa na iya gaza bambance awon magani, kuma wanda zai cutu ɗan wani ne. Saboda haka hutun ma'aikaci ba alfarma ba ce da shugaba ke yi wa wanda ya iya gaisuwa; yana cikin kiyaye rai. Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta sa awa 40 a mako a matsayin ƙa'ida. Tun kafin ta, shari'a ta hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, sai a sa hannu a taya shi.

Sai batun sauraro, wanda mun fi sakaci da shi. Ma'aikaci ya baro ƙauye, ya jira tun hantsi don ya nemi izinin zuwa jinyar mahaifiyarsa, ya shiga ofis yana magana, shugaba kuwa idonsa na kan WhatsApp, yana ta "to, to" bai ji ko rabin zance ba. Malaman Shama'il sun siffanta Manzon Allah da cewa idan ya juya ga mutum, da dukkan jikinsa yake juyawa. Kife waya na minti 5 bai taɓa rusa ma'aikata ba.

Kuma wannan shugaban shi ne zai koma gida a sha ruwa, ya zauna a tabarma, kunu na hucewa, yaro na son ya biya masa haddarsa, shi kuwa yana kiran na ƙasa da shi a kan aikin da zai iya kwana. Ya ɓata sha ruwan gida biyu ke nan, nasa da na wancan. Tun da Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ofisoshi suka ƙaru, akwai ma'aikatan da iyalansu ke Damagaram ko nesa da haka. Mai rubuta jerin masu tsaron aiki ranar sallah ya duba wa ya tsaya bara, kada ya maimaita sunansa bana don kawai ba shi da mai tsaya masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan yaran da suka riga mu. Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko hukuncin jinkirta ladan ɗan ƙwadago.