Rawanin Aro: Wasan Shiga Rigar Wani da Koyon Siyasa

 

An nemi in yi magana a kan wani wasa da ya samu karɓuwa a Turai da Amurka, wanda suke kira larp. Mutane ne za su taru a daji ko a wani tsohon gidan sarauta, a ba kowa suna da matsayi da abin da yake nema, ya sa tufafin da suka dace, a yi kwana biyu ko uku ana zaune cikin labari. Ba dandamali, ba 'yan kallo, ba zancen da aka haddace. Wanda aka ba sarauta shi zai yanke hukunci da kansa, kuma da idonsa zai ga abin da hukuncin ya haifar. A Amurka ƙungiyar Dagorhir ta soma a 1977 da takubban soso. A Ingila an buɗe wasan Treasure Trap a gidan sarautar Peckforton a 1982. Mutanen Nowe da Suwidin da Danmak da Finlan suka ɗauki abin da gaske, har suka kafa taron shekara-shekara mai suna Knutepunkt a Oslo a 1997, suna shirya wasanni a kan yaƙi da gudun hijira da zaman kurkuku. A Danmak akwai makarantar kwana ta Østerskov, wadda tun 2006 take koyar da darussanta ta wannan hanya.

Abin da ya kawo ni gabanku shi ne in tuna muku cewa Bahaushe ya daɗe da irin wannan wasa, kuma nasa tun asali da siyasa yake tafe.

Ku ɗauki kalankuwa. Idan kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, 'yan mata su fitar da tasu shugaba. Da Turawa suka zo, sai ga gwamna da joji da likita sun shigo cikin jerin. A kwanakin bikin wannan hukuma ta aro tana da iko na gaske a kan samari: tana raba aiki, tana saukar da baƙi, tana cin tarar wanda ya ta da faɗa. Yaron da bai taɓa raba gardamar mutum biyu ba, ga shi a zaune ana jiran bakinsa, kuma ɗaya daga masu ƙarar abokinsa ne. A nan yake gane cewa shari'a ba daɗin baki ba ce. Ina faɗin haka a Lafiya, garin da Mai Martaba Sarkinsa, Sidi Bage Muhammad, ya yi alƙalanci har Kotun Ƙoli kafin ya hau gadon sarauta a 2019, don haka mutanen Lafiya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan nauyin kujerar hukunci.

A Damagaram kuma akwai wasan kara, inda samari ke ƙera bindigogi da sauran kayan manya da karan dawa, su kwaikwayi sarki da hakimai da shugabannin gwamnati, tafiyarsu da maganarsu da yadda suke gyara hula. A zamanin mulkin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun raya shi ƙwarai. A cikin gidajen sarauta ma akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Sarki yakan ga halinsa a jikin wata baiwar Allah wadda a ranar da ba ta wasa ba ko ɗaga ido ba za ta yi a gabansa ba. Abin da bafade ya ji tsoron faɗa, wasa ya faɗe shi, kuma ba wanda aka kora daga gari.

Tashe kowa ya san shi. Daga goma ga azumi yara ke fita, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, waccan ta zama Mairama ana koya mata zaman gidan miji, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani. A Kano, Nalako ne sarkin gwagware, kuma duk wanda azumi ya riske shi ba mata a gida ya san za a neme shi. Dariya ake yi, amma kowane wasa akwai halin da yake tsokaci a kai: rowa, ƙaryar magani, son girma, sakin aure ba dalili.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Wasu wasannin, irin su Macukule, da kwaikwayon wata ƙabila ake ba da dariya. A garin da kowa Bahaushe ne ana iya ganin ba komai. A Lafiya, inda Babarbare da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Bafulatani ke cin kasuwa ɗaya, dole a auna. Wasan barkwanci tsakanin Barebari da Fulani yana da daɗi ne saboda kowa na da damar ramawa. Inda gefe ɗaya ne kullum abin dariya, wannan ya tashi daga wasa ya koma raini, kuma ba na goyon bayan a raya shi da sunan al'ada. Ga kuma matsalar tsaro: a shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Na fahimci dalilinsu, sai dai duk shekarar da aka hana, yaran kirki ne suka yi asara.

To ina samarinmu ke koyon siyasa yanzu? A majalisar mai shayi da kuma Facebook da TikTok. Ba na raina majalisa, a can ake jin ainihin ra'ayin talaka a kan tsadar taki da kuɗin mota. Amma a can kowa kansa yake karewa, ba wanda aka ɗora wa ya yi magana da bakin abokin hamayyarsa. Wasan shiga rigar wani kuwa tilasta maka yake yi. Idan an ba ka matsayin shugaban ƙaramar hukuma, aka ce ga kuɗin da ke asusu, ga albashin malamai, ga rijiyar burtsatse da ta lalace, ga 'yan jam'iyya a bakin ƙofa, sai ka zaɓa, kuma waɗanda ka hana suna nan zaune suna kallonka.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da sauran makarantunmu su gwada wannan a kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato rikicin manoma da makiyaya da ya sha taɓa Awe da Keana da Obi da Doma. A ba ɗan manomi sanda da garke, a ce masa burtali ya toshe, rani ya yi, shanu na ramewa. A ba ɗan makiyayi gonar doya da bashin taki, a ce masa saura wata ɗaya ya haƙa. A sa mai unguwa da arɗo da ɗan sanda da dillalin shanu, a bar su yini guda su nemi mafita. Ba sabon abu ba ne a jami'o'inmu, domin tun shekarun 1970 masu nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga ƙauyukan Zariya suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu.

Sharuɗɗan kaɗan ne. Kada a taɓa addinin kowa, kada a ambaci sunan mutumin da ke raye, a sa babba ɗaya mai ikon tsayar da wasa idan rai ya fara ɓaci, kuma idan an gama a tuɓe kayan a zauna kowa ya faɗi abin da ya ji. Wannan zaman na ƙarshe masu larp na Turai suna ba shi muhimmanci ƙwarai, kuma shi ne abin da ya kamata mu ara a wurinsu. Iyayenmu masu unguwanni kuma, idan azumi ya zo, a ware wa yara fili mai haske bayan tarawihi, 'yan sintiri su tsaya a gefe, a tashi kafin goma na dare.