Amsoshin Wasiƙunku: In Bature Zai Kawo Maka Ziyara

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani baduku a ƙasar Kano. Ya ce akwai wani Bajamushe da ya daɗe yana sayen jakunkuna da tumtum a hannunsa ta hanyar aike, yanzu kuma yana so ya zo da kansa ya ga hawan Salla, ya ɗan kwana biyu a ƙauyensu. Tambayarsa ita ce, me doka ta ce, shi kuma me zai tanada?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Farko dai takardu. Mutumin Ghana ko Benin, da yake ƙasashensu na cikin ƙungiyar ECOWAS, yana iya shigowa ba biza ya yi har kwana 90, bisa yarjejeniyar 1979. Bajamushe kuwa sai da biza, da fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da tikitin komawa. Tun watan Mayun 2025 ana neman bizar gajeren zama ta intanet, tun yana gida. Kada ya manta da katin rigakafin shawara, wato ɗan katin nan ruwan ɗorawa. Allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa, amma a yi ta kwana 10 kafin tafiya.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. In ya nemi ka rubuta masa takardar gayyata, to ka san ka ɗauki nauyinsa ke nan a gaban hukumar shige da fice. In ya wuce kwanakin da aka ba shi, akwai tara, kuma ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Don haka ranar da ya sauka ka duba hatimin fasfonsa da idonka, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka.

Batun hawa kuma, kada ya sayi tikiti sai kun tabbatar za a yi. A 2024 da 2025 'yan sanda sun hana hawan Salla a Kano. In ba a yi ba, ai ga Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata, ga Gidan Makama da Dutsen Dala, ba zai koma hannu rabbana ba.

In kun isa ƙauye, kafin ya ajiye jaka ka kai shi ya gai da mai unguwa da dagaci. Ka gaya masa iyakarsa zaure, kuma ba a miƙa wa mutane hannun hagu. Su Turawa akwai son ɗaukar hoto, su ɗauki jaki, su ɗauki rumbu, wannan duk ba laifi. Amma matan aure, da masu salla, sai da izini. Barikin soja da shingen 'yan sanda kuwa, ko kyamarar kada ya fito da ita. Giya ma ya haƙura da ita, Kano na bin shari'a tun shekarar 2000. Ka tanadar masa gidan sauro da dafaffen ruwa, don zazzaɓin da kai za ka sha magani ka tafi gona, shi yana iya kwantar da shi asibiti. Tafiyar dare kuma babu ita.

Saura tsaraba, kuma nan ne talaka ya fi shiga uku. Sabon aikin hannu, ya saya iyakar kuɗinsa, ka ba shi rasit. Amma tsohon takobi, da littattafan kakanni na rubutun hannu, da gumakan yumɓun nan irin na Nok da manomi kan tono a gona, dokar 1979 ta hana sayar da su ga kowa in ba wanda hukumar gidajen tarihi ta amince masa ba, ta kuma hana fita da su ba takardar izini. Baƙo ya hau jirgi ya tafi, kai da ka sayar kana nan. Kuma da yake kai baduku ne, kada ka haɗa masa da kayan fatar kada, ko mesa, ko damisa. Ko sun wuce a nan, kwastan na can ƙasarsu za su ƙwace, su ci shi tara.

Allah ya kawo baƙonka lafiya. Mai tambaya a kan farashin taki, mun ga wasiƙarka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.