Jawabi Kan Sauya Wayar Hannu Daga Android Zuwa iPhone



An nemi in ɗan yi bayani a kan wani al'amari da ya shafi da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda 'ya'yansu ke aiko musu da sabuwar waya, wato sauya waya daga wani tsari zuwa wani. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, a hankali ta zama ma'ajiyar lambobin 'yan uwa, da hotunan iyali, da hanyar shiga asusun banki. Saboda haka sauya ta ya wuce sauya riga.

Da farko dai, manyan tsare-tsaren da ke tafiyar da wayoyin zamani guda biyu ne. Akwai iOS na kamfanin Apple, wanda ke cikin iPhone tun fitowarta a 2007. Akwai kuma Android na kamfanin Google, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, kuma shi ne ke cikin Samsung da Tecno da Infinix. Ni kaina na yi shekaru ina riƙe da Android kafin in koma iPhone, kuma abin da na gani shi ne zan gaya muku.

Babban abin kiyayewa shi ne WhatsApp. Wayar Android tana ajiye hirarrakinka a Google Drive, ita kuwa iPhone a iCloud take ajiyewa, kuma ɗaya ba ta karanta ajiyar ɗaya. Wanda ya sa layinsa a sabuwar waya ya buɗe WhatsApp kai tsaye, zai tarar da zaurukansa amma babu tsofaffin saƙonni, babu muryar mahaifiya da aka aiko shekaru uku da suka wuce, babu hoton rasit ɗin kuɗin da ya biya. Tun 2022 akwai hanyar kwashe su ta manhajar Move to iOS, amma da sharaɗi: sai iPhone ɗin tana sabuwa ko an goge ta tas, kuma da lambar waya ɗaya. Don haka a yi wannan aiki ranar farko, kafin a fara amfani da wayar. Kada kuma a sayar da tsohuwar ko a ba yaro, sai an tabbatar komai ya iso.

Na biyu shi ne banki. Yawancin manhajojin banki suna neman a tabbatar da sabuwar waya ta hanyar lambar sirri da suke turowa ta layi. Ke nan sai layin yana aiki, kuma an haɗa shi da lambar NIN. A nan ne zan ja hankalin masu sayen wayar da aka yi amfani da ita, ko a Farm Centre ta Kano ko a Computer Village ta Legas. Daga iPhone 14 ta 2022, wayoyin da ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin sa katin layi, sai dai eSIM, wanda dole ka nemi kamfanin layinka ya mayar maka. Bugu da ƙari, idan mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, wayar tana iya kullewa ta zama ba ta da amfani. A sa mai sayarwa ya goge ta ya kunna a gabanka kafin kuɗi ya bar hannunka.

Na uku, akwai ɗan kashe kuɗi da ba a cika faɗa ba. Manhajar da ka saya a Play Store ba za ta bi ka zuwa App Store ba. Google na ba da gigabait 15 kyauta, iCloud kuwa 5 ne kawai, kuma iPhone ba ta karɓar katin memori. Wayoyin da suka gabaci iPhone 15 ta 2023 cajarsu daban ce, ba za ka ari ta maƙwabci mai Android ba.

Sai kuma sabon hannu. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Kwanaki na yi yatsana yana neman maɓallin komawa baya a ƙasan waya, alhali a iPhone jan allo ake yi daga gefen hagu. Haka nan tura waƙa ko hoto ta Bluetooth zuwa wayar Android, wanda muka saba, ba ya yiwuwa. Shawarata ita ce ka fara da abubuwa huɗu: kira, saƙo, WhatsApp da banki. Sauran za su zo da kansu cikin mako biyu ko uku.

Wanda kuma zai bar iPhone ya koma Android, ya kashe iMessage kafin ya cire layinsa, in ba haka ba wasu saƙonnin masu iPhone ba za su iso gare shi ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowa ya rubuta adireshin imel ɗinsa da kalmar sirrinsa a takarda, ya adana a gida inda yake ajiye takardun makaranta. Kada ya bar su a hannun yaron shagon da ya saita masa wayar, domin wanda ke riƙe da su shi ke riƙe da lambobinka da hotunanka.