Wane Littafi Za Mu Karanta Ran Laraba?

 An ce kwamitin karatu ya faɗi abin da ya gani, to ga shi.

Mu da ke taruwa nan Agege ran Laraba ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai gadin da ya kwana bai runtsa ba, akwai mai sayar da tumatir a Mile 12, akwai yaron da aka haifa a Ikko, Hausarsa ta sha Yarabanci. Wasu daga Kafanchan, wasu daga Pankshin, wasu daga ƙauyukan Kano da Katsina. Hausa ce ta haɗa mu, amma rabinmu da kunne suke karatu.

Abin da muka manta ke nan da muka ɗauko wani littafin ibada na Turanci, don kawai an yaba mana shi. Mai karatu ya karanta, tafinta ya juya, kafin a kai ga ayar ranar lokaci ya tafi. Misalansa kuwa duk na dusar ƙanƙara ne. Wata uwa ta ce mana ita ƙanƙarar da ta sani ta cikin zoɓo ce. An yi dariya, amma fa benci huɗu sun koma biyu.

Sai muka koma ga Abincin Yini na ECWA. Da Hausa yake, gajere, mutane suka fara dawowa. Nan kuma 'yan'uwa na Baftis da Angalika suka tambaya ko zumuntar ta zama ta ikilisiya ɗaya ce. Kada kowa ya ji haushi, tambayar tana kan hanya. Ga kuma batun Littafi Mai Tsarki: dattawa sun haddace fassarar 1932, wadda Likita Mila na Zariya ya sha aiki a kanta, matasa kuwa ta 1979 ce a hannunsu. A karanta aya ɗaya, sai ka ji murya biyu.

Shawararmu: kada a ƙara taɓa kuɗin asusu sai an gwada littafi. A karanta shafi ɗaya da ƙarfi gaban mutum uku da ba su yi boko ba. In sun iya maimaita abin da suka ji, a sayi kwafi biyu tukuna. Kowace ikilisiya ta kawo nata Laraba mai zuwa, ƙarfe biyar.