Harshen Bitrus Bai Canja Ba

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Matta sura 26, aya 69 zuwa 75, da kuma Ayyukan Manzanni sura 4.

Akwai kunya mai kyau. Amarya ta durƙusa ta gaida surukarta, yaro ya ƙi kiran sunan mahaifinsa, wannan tarbiyya ce, ba mu da magana a kanta. Kunyar da muke nufi yau ita ce wadda take ɗaure wa mutum baki. A sujadar Lahadi mai jagora ya ce, "Mama, ki yi mana addu'a," sai mama ta sunkuyar da kai ta ce a ba wani. Ba don ba ta iya addu'a ba. A gida, da harshenta na Tarok ko Bajju ko Tangale, takan yi addu'a har yara su yi barci a durƙushe. Amma a majami'a da Hausa ake yi, ita kuwa ta san takan ce "ya" inda ake cewa "ta", kuma an taɓa yi mata dariya a kasuwa. Yawancinmu ba da Hausa aka goye mu ba, saboda haka mun san wannan nauyi. Shi ne ya hana wani dattijo karanta nassi shekara da shekaru, shi ne ya sa wata yarinya ta daina ɗaga hannu a aji.

Bitrus ma ya san shi. Mutumin Galili ne, mai kamun kifi, daga arewacin ƙasar. Mutanen Urushalima sukan gane Bagalile da zarar ya buɗe baki, har a rubuce-rubucen malaman Yahudawa na dā akwai inda ake yi wa Galilawa ba'a don ba su rarrabe waɗansu sautuka na maƙogwaro. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya bi shi har farfajiyar gidan babban firist. Ba soja ne ya fara tambayarsa ba, wata baranya ce. Ya musa. Wata kuma ta nuna shi, ya musa da rantsuwa. Sai waɗanda suke tsaye a wurin suka ce masa maganarsa ce ta tone shi. Nan ya shiga rantse-rantse, zakara ya yi cara, ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Ba za mu ce kunyar harshe kaɗai ta kā da shi ba. Tsoron mutuwa yana nan. Amma ku lura da inda hankalinsa yake a wannan dare: su wa suke kallona, me za su yi mini, yaya zan ɓuya a cikinsu? Ubangijinsa yana ciki ana yi masa shari'a, shi kuwa kansa yake dubawa.

To, mu buɗe Ayyukan Manzanni. Bayan mako bakwai, ranar Fentikos, wannan Bitrus ya miƙe a gaban taro a Urushalima ya ɗaga murya, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Taron ya yi mamaki don sun gane masu maganar duka Galilawa ne, amma kowa yana jin girman Allah da harshen garinsu. Wannan ya ishe mu sanin cewa Allah bai raina harshen kowa ba. A sura 4 kuma an kawo Bitrus da Yohanna gaban majalisa, Hanana da Kayafa suna zaune, su ɗin da suka yi wa Yesu shari'a. Bitrus ya amsa musu ba rawar murya. Shugabannin suka ga mutanen nan ba su yi zurfin karatu ba, suka yi mamakin ƙarfin halinsu, suka kuma gane sun zauna tare da Yesu.

Me ya canja? Ba mu karanta ko'ina cewa Bitrus ya je ya koyi maganar mutanen birni ba. Abin da muka karanta yana cikin Yohanna sura 21. A bakin Tekun Galili, kusa da wutar gawayi irin wadda ya ji ɗumi a gefenta daren da ya yi musu, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Yesu ya san abin kunyar Bitrus mafi muni, duk da haka ya ba shi aiki. Sa'an nan Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Wanda Ubangiji ya san asirinsa kaf bai kore shi ba, dariyar 'yan kasuwa ba za ta hana shi barci ba.

Kada mu ɗauka daga ranar nan tsoro ya rabu da shi har abada. A Galatiyawa sura 2 Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus ya janye daga cin abinci da Al'ummai a Antakiya don tsoron waɗansu baƙi, har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Mu ma za mu yi tuntuɓe. Shi ya sa masu bi na fari, da aka saki Bitrus da Yohanna, ba su roƙi Allah ya kawar da masu yi musu barazana ba, ƙarfin hali suka roƙa don su faɗi maganarsa.

Saboda haka, mama, idan an kira ki ranar Lahadi, ki miƙe. In Hausa ta ƙare miki a tsakiya, ki ƙarasa da harshen gida, za mu ce amin. Dattawan ikkilisiya, ku ba da wannan dama daga bagade, domin mutane da yawa izini kawai suke jira. Matasan da suka yi makaranta a birni kuwa, ku daina gyara wa iyayenku Hausa a gaban baƙi.

Yau da dare, lokacin addu'ar iyali, ku miƙa Littafi Mai Tsarki ga wanda ya fi kowa jin nauyin karatu a gidan. Ya karanta Ayyukan Manzanni sura 4, daga aya 1 zuwa 22. Kada kowa ya katse shi ko ya gyara masa har ya kai ƙarshe, gobe kuma a sake ba shi.