Amsoshin Wasiƙunku: Batun Man Shafawa

 Wani manomi ya rubuto mana cewa ɗansa na kwance ba lafiya, an ce ya sayar da dawarsa ya sayi kwalbar "man addu'a". Yana tambaya, shin haka Littafi Mai Tsarki ya koyar?

To ɗan'uwa, saurara. A Fitowa sura 30, an umarci Musa ya haɗa man zaitun da mur da kirfa da sauran kayan ƙanshi, domin keɓe Haruna da 'ya'yansa ga aikin Allah. Sama'ila ma da mai ya shafe Dawuda. Kalmar Almasihu kanta, ai ma'anarta shafaffe. Ka ga ke nan, mai alama ne, ikon yana wurin Allah.

Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa majinyaci addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Ba a ambaci ko kwabo ba.

Saboda haka bar dawarka a rumbu. Kira dattawa, sannan ka kai yaron asibiti yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Allah ya ba shi lafiya, amin.